Hannun Daman Hedimasta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da addini ya ɗora mini, ba don raina ya so ba. Ina fata kin koma makaranta lafiya, kuma babanki da mamarki suna nan ƙalau. Mu nan da sauƙi. Ƙafata ta daina kumburi, keken ɗinki yana juyawa. Maigidana Hedimasta kuwa sai dai a ce alhamdu lillahi, tunda ba a cewa babu sauƙi.

Na ga kiranki a waya. Ban ɗauka ba, kuma ba zan ɗauka ba. Tunda rubutu kika iya, to mu yi ta a rubuce, ni ma an sa ni a makaranta. Direban motar da ke zuwa wajenku zai riƙa miƙa miki, in kina da amsa ki ba shi.

Bari in tuna miki, don na lura tunaninki a takarda yake zama, ba a ka ba. Babanki ne ya kira ni ya ce makarantarku ta tura ki sanin makamar aiki a zauren ƙungiyar masu shanyewar ɓarin jiki da ke unguwarmu, ba ki da masauki. Kakanki da mahaifina ciki ɗaya suka fito, ina zan kai ƙafa in ce a'a? Na kwashe yadudduka na mutane daga ƙaramin ɗaki na shimfiɗa miki katifa. Mijina, wanda ciwon nan ya kayar bara, ya riƙa ce miki 'yata. Ke kike riƙe masa hannu zuwa zauren, ke kike dawo da shi. Kullum da yamma ki zauna a teburin falo da wannan shuɗin littafin da kike kira littafin waiwaye, wai an ce ku rubuta abin da kuka gani, da abin da kuka ji a ranku, da abin da kuka koya. Har rediyo nake rage wa murya don kada in dame ki. Ashe wuƙar yankanmu ake wasawa, ni kuma ina miƙa ruwa.

Ranar rufe horonku na goge masa farar riga. Ya sa na taje masa gemu, abin da rabonsa da nema tun kafin ciwon. Ya zauna a layin gaba da sandarsa a kan cinya, yana ta gaya wa na kusa da shi, da bakin nan nasa da bai gama sakuwa ba, cewa 'yarsa ce za ta yi karatu. Sai kika tashi a gaban malamanku da 'yan ƙungiya da matansu da 'ya'yansu, kika karanta yadda fitsari ya kufce wa "wani tsohon shugaban makaranta" a tsakiyar motsa jiki. Yadda ya bi ƙafar wando ya taru a kan leda. Yadda ya yi kuka. Yadda kika ji ƙyama. Ƙyama, Auta! Aka yi miki tafi, kika rusuna.

Tsohon shugaban makaranta nawa ne a zauren nan? Ki ƙirga mini. Ni kaina ban san abin ya faru ba, ya ɓoye mini, sai a bakinki na ji tare da mai sayar da katin waya.

Tun daga ranar bai sake taka ƙofar gida ba. Hannun daman nan da ya fara buɗewa, har ya fara riƙe cokali da kansa, ya cusa shi ƙarƙashin bargo. Mai gashin ƙashi ta aiko cewa in ya daɗe bai motsa shi ba, yatsun za su ƙage, kuma in sun ƙage shi ke nan. Ga abin da kika bar mana. Ina jin ki.

Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode da gaisuwa ko da ta dole ce. Ina lafiya, sai mura da ta ɗan taɓa ni. Su Baba na gida suna gaishe ku. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi, ya tashi kafaɗun Baba Hedimasta.

Goggo, na karanta har ƙarshe. Wallahi ban yi don in tozarta shi ba, kuma kin fi kowa sanin haka. Amma tunda kin ce a rubuce, ki bar ni in faɗi nawa, don an yanke mini hukunci ba a ji ta bakina ba.

Littafin nan ba ni na ƙirƙiro shi ba, rabin makinmu a kansa yake. Makonnin farko abin da nake rubutawa shi ne: mun zo, mun share zaure, mun jera kujeru, an yi motsa jiki, an tashi. Malamarmu ta dawo mini da shi da jan biro har bayan shafi. Ta ce wannan rahoton maigadi ne. Ta ce in daina laɓewa a bayan kujeru, in rubuta abin da ya girgiza ni, ko da abin kunya ne a kaina. To ranar da abin nan ya faru, ni kaɗai ce a kusa da shi. Ni na yafa masa mayafina, ni na kai shi bayi, ni na wanke wandon a famfon bayan zaure na shanya a kan waya, muka zauna har ya bushe don kada ki gane. Ya ce kada in gaya miki, ban gaya miki ba. Na dawo gida, ke kina shago, wa zan faɗa wa? Takarda na samu.

Kuma dokar da aka ba mu ita ce a ɓoye suna. Na ɓoye. Ban ambaci sunansa ba, ban ambaci unguwa ba, ban ce mijin goggona ba ne. Malama ta karanta ta ce a duk ajin babu kamar nawa, ta ce in karanta ranar rufewa. Ke da kina matsayina cewa za ki yi a'a?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kin tsaya a kalma ɗaya. E, na rubuta ƙyama, don ita na ji a daƙiƙar farko, kuma an ce kada mu yi ƙarya. Amma me ya biyo baya? Na ce kunyar kaina ta kama ni. Na ce washegari mutumin nan ya sa hularsa ya ce mu tafi, ya koma zauren da ya yi kuka a cikinsa, ya ɗaga hannu tare da kowa. Na ce a rayuwata ban taɓa ganin jarumi kamarsa ba. Da wannan na rufe, a kansa aka yi tafin. Yabo ne, Goggo. Ko dai kin toshe kunne tun daga layi na uku?

Game da hannun, don Allah ki lallaɓa shi. Ƙwallon roba ja yana cikin aljihun kujerarsa, ki sa ya riƙa matsawa ko a gado ne. Ki ce ina gaishe shi.

Taki,
Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Allah ya raba ki da mura. Muna nan yadda kika bar mu, sai abin da ya ƙaru.

Yabo! Na daɗe ban ji abin dariya irin wannan ba. Wato ki tuɓe wa dattijo wando a kasuwa, sannan ki ce jama'a ku duba kyan hularsa. To mun gode da yabo, Allah ya saka. Ni dai da a yabe ni haka, gara a zage ni a ɗaki.

Kin ce ya koma washegari. Kin san me ya sa ya iya komawa? Don waɗanda suka gani marasa lafiya ne irinsa, kowa ya kau da kai kamar bai gani ba, haka suke yi wa juna a zauren nan tun kafin a haifi littafinki. Tsohon direban tanka, da mai gyaran agogo, da matar nan mai keken guragu, akwai wanda bai taɓa jiƙa kansa ba a cikinsu? Babu mai faɗa. Da shirun nan suke iya haɗa ido. Ke kika zo wata uku, kika ɗauki abin da suka rufe kika ɗora a lasifika.

Wai kin ɓoye suna. Kin ce tsohon shugaban makaranta, kin ce mai sanda mai kan azurfa, kin ce wanda ke gyara wa mutane magana ko da nasa bakin ya karkace. Me ya rage, lambar takalminsa? Rabin mazan da ke wurin ya koyar da su. Wanda ya riƙe miki lasifikar ma ya sha bulalarsa. Suna kawai kika cire, kamar mai cire wa akuya ƙararrawa ta ce ai yanzu ba a san ta ba.

Ya ce kada ki gaya mini, kika cika alkawari, ba ki gaya mini ba. Sai kika gaya wa duniya. Wannan irin riƙon amana a wane aji ake koyar da shi?

Ƙwallonki na nan. Na ba shi, ya bar shi ya gangara ƙarƙashin gado, ya juya fuska bango. Mai gashin ƙashi ta zo har gida, ya ce in ce mata yana barci, alhali tana jin tarinsa. Jiya na kama hannun zan shafa masa mai, na ji ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa ciki, sai da na sa ƙarfi suka miƙe. Cokali ya koma hannuna. Ina rufe shago da rana in dawo in ba shi abinci, masu ɗinki suna ta yi mini tsiya.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba, don mamarki mace ce mai kawaici. Bakin nan na gidanku ne, babanki ma tun muna yara ba a yin sirri a gabansa. In wannan takardar da kika aiko ita ce iyakar hankalinki, to kada ki kuskura ki tako mini gida.

Goggo

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Na warke, na gode. Ina fata jikin Baba da sauƙi.

Ki zage ni yadda kike so, amma ki bar mahaifina a gefe, ba shi ya riƙe biro ba. Kuma tunda an fara tone-tone, ni ma ina da ido, wata uku na yi a gidan nan ba a makance ba.

Wa ke sauke labulen falo in an yi baƙi, ta ce Hedimasta yana hutawa, alhali yana zaune yana jin muryoyinsu yana son a shigo? Wa ke goge masa baki da sauri tun yawun bai zubo ba, tana waige-waige? Wa ke ƙarasa masa magana in harshensa ya sarƙe, har ya haƙura ya yi shiru? Ranar da tsofaffin ɗalibansa suka zo dubiya, a ƙofa kika sallame su. Ya tambaye ni su wane ne, na ce masu karɓar ɗinki ne, don kada ransa ya ɓaci. Kin san dalilin da ya sa ya ce kada in gaya miki zancen wandon? Ba don kunyarki ba. Cewa ya yi, "In ta ji, ta hana ni fita." Da bakinsa ya faɗa, Allah ne shaidata.

Saboda haka kunyar da ta kwantar da shi ba a zaure aka haife ta ba, a gida aka raine ta. Ni na yi kuskuren faɗa da ƙarfi, na ji. Amma da ya dawo gida ranar ya tarar da wanda zai ce masa, "To sai me? Ciwo ne, ba sata ka yi ba," da ya tashi washegari kamar yadda ya tashi wancan karon. Me kika ce masa a mota? Ina kujerar baya, na ji. Cewa kika yi, "Mun shiga uku, da wane ido za mu kalli mutane?" Laifi tudu ne, Goggo.

Kuma kada ki ji a bakin wani: sashenmu zai buga ɗan littafi na zaɓaɓɓun rubuce-rubucen waiwaye, don ɗaliban da za su fita horo baɗi su ga yadda ake yi. An zaɓi nawa. Ban ce a'a ba. Akwai ɗalibai da yawa da za su tsinci kansu a irin ranar nan su rasa yadda za su yi, in nawa zai taimake su, ban ga dalilin binne shi ba. Zan cire zancen sandar da na gyaran magana.

Na so in zo ƙarshen makon nan in zauna da Baba, har na nemi izini. Amma kin ce kada in tako miki gida. Gidanki ne, na bi umarni.

Auta

*

Auta,

Sallama. Muna raye.

Takardarki ta daɗe a cikin aljihun keken ɗinki. Sau da yawa na zauna zan ba ki amsa, sai in ji in na fara zan rubuta abin da zai raba zumunci har jikoki. Ke ma kin yi shiru abinki, ko gaisuwa. Direban har ya daina tsayawa a shagona.

Zancen labule da goge baki, ba zan yi musu da ke ba. Ki auri mutum yana tsayawa gaban ɗaruruwan yara su yi tsit da tarinsa kawai, ki wayi gari kina ɗaura masa zariya, sannan ki zo ki koya mini yadda ake yi. A takarda komai sauƙi ne.

Amma abin da ya ba ni mamaki shi ne biyayyarki. Wata uku ina ce miki ki daina barin kofi a kan yadin mutane, ba ki ji ba. Ina ce miki ki rufe famfo, ba ki ji ba. Sai da na ce kada ki zo, a cikin fushi, shi ne kika ji tsaf har kina cewa kin bi umarni. Yarinyar da ta san ta yi ɓarna ko kare aka ɗaure a ƙofa tsallakewa take yi. Ke dai kin samu mafaka ne.

To ki sani, ba ya kiran sunanki, amma duk lokacin da aka taɓa ƙofar gida sai ya ɗago kai, in ya ga ni ce ya mayar. Ni ba ya jin maganata kan hannun nan. Mai gashi ta gaji da zuwa. Ke ce kika iya da shi, ke kike ƙirga masa yana matsawa kuna dariya. Ba roƙonki nake ba, Allah ya kiyaye. Gaya miki nake yatsu uku ne yanzu, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Littafinku kuwa, ku buga. Ku sa hoto ma.

Goggo

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba da jiki. Ki yi haƙuri da jinkiri, takardarki ta iso muna tsakiyar jarrabawa, ta kwana biyu a wurin maigadin ɗakin kwananmu kafin ya tuna ya ba ni.

Ba za a buga ba. Na je ofishin Malama na ce a cire nawa. Ta ce me ya faru, na ba ta labari tun daga farar riga har yatsu uku. Ta daɗe tana juya biro. Ta ce ita da ta karanta, wani dattijo ta gani a takarda, ba ta kawo a ranta cewa zai zauna a layin gaba ba. Na ce ni na san zai zauna, ni na ajiye masa kujerar ma. Ta tambaye ni ko na karanta masa kafin ranar. Na ce a'a, so na yi ya ji ba zato, ya ji daɗi. Sai da na faɗa da bakina a ofishin nan na ji yadda maganar take. Ta ce daga bana ba ɗalibin da zai sake karanta shafinsa a gaban mutanen da ya rubuta, sai sun ji sun yarda. Na san wannan ba zai miƙe yatsa ko ɗaya ba, ba sai kin faɗa mini ba.

Amma kada ki ɗauka na janye abin da na faɗa kan labule. Yana nan daram. Kuma abin da na rubuta a kansa gaskiya ne, har gobe jarumi ne a wurina. Abin da na gane kawai shi ne ranar tasa ce, ba tawa ba, ni wanki kawai na yi.

Kin ce na samu mafaka. Wataƙila. Tsoron idonsa nake ji, Goggo, ba naki ba. Ke in kin yi faɗa kin huce. Shi kallo ɗaya zai yi mini ta saman tabarau.

Saura takarda biyu mu gama, sai kuma kare aikin ƙarshe a gaban malamai, wanda in na tsallake sai baɗi. Ina gamawa zan shigo motar farko, ko kin buɗe ƙofa ko ba ki buɗe ba. Kafin nan ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi ki naɗe hannun, sannan ki miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kada ki ja. In ya ƙi, ki ce ni na ce zan zo in duba aikin gida. Da haka nake cin galabarsa.

Ki ce masa 'yarsa tana neman gafara, sauran sai na zo.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ji kin gama, har babanki ya kira yana ta murna wai kin fito da sakamako mai kyau. Allah ya sa albarka. Ya ce jibi za ki taso, shi ya sa na ce bari wannan ta riga ki, don kada ki shigo da fuskar da za ta ƙara masa ciwo.

Na gaya masa saƙonki tun ranar da ya iso. Sai ya ce, "Yarinya ce." Da na ce kin ce za ki duba aikin gida, har ya yi 'yar dariya, ya miƙo hannun da kansa. Na yi tawul ɗin, na yi duk yadda kika ce, safe da yamma. Na kuma ɗage labulen, tunda an ce ni ce mai laifi. Direban tanka da mai gyaran agogo suka zo suka zauna masa a ɗaki, ban san me suka ce masa ba, na dai ji ana ta ƙyaƙyata dariya. Makon jiya ya sa hula ya ce in kai shi zaure. Ba wanda ya ce masa komai, aka matsa masa wuri kawai.

Mai gashin ƙashi ta kama hannun ta daɗe tana gwadawa. Ta sa na'ura, ta sa mai, ta kira babbansu ya duba. Sannan ta ja ni waje. Ta ce kafaɗa za ta saki, gwiwar hannu ma da sauran fata, amma yatsun sun riga sun ƙage. Ta ce da a watan da ya wuce ne. Na ce mata ta bar zancen "da".

Shekaranjiya aka kira masu fansho tantancewa. Na kai shi. Yaron da ke kan tebur ɗalibinsa ne, yana ganinsa ya miƙe tsaye, ya zagayo da takardar ya sa masa biro a hannu. Biron ya faɗi. Ya ɗauka ya sake sa masa, ya sake faɗuwa. Mutumin da ya sa hannu a takardar shaidar rabin garin nan, Auta. Yaron ya rasa inda zai sa idonsa, ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko tawada, ya kama babban yatsan hagu na Hedimasta ya dangwala. Yana yi yana cewa, "Yi haƙuri, Malam, yi haƙuri." Shi kuwa ya ce masa, "Danna da kyau, kada su dawo da ita."

Ya ce in gaya miki ya yafe, kuma ki zo da littafin, yana son a karanta masa daga farko, a ɗaki, ku biyu. Na share miki ƙaramin ɗakin. Ki zo, ƙofa a buɗe take, zan ba ki abinci, zan amsa gaisuwarki. Amma kada ki durƙusa mini ki ce in yafe, don zan ce miki na yafe kuma ƙarya zan yi.

Tawadar ba ta fita ba har yanzu, na wanke da sabulu na wanke da toka. In kin zo gaishe shi hagun zai miƙo miki. Ki karɓa da hannu biyu, kuma kada ki yi masa kuka.

Goggonki